Sawun Gwiwa a Ɗakin Koriya

Ranar Litinin da safe na leƙa ɗakin Koriya don in ji ko warin magani ya ragu, sai na ga sawu. Farin garin da aka barbaɗa a ƙasa saboda gara da kyankyasai yana nan kwance luf, ban da layi ɗaya na ƙafa mai safa da ya tashi daga bakin ƙofa zuwa kantar da ke jikin bangon yamma, ya kuma dawo.  Na raɓa ta gefen bango na isa kantar, na ɗaga akwatin katakon da ke tsakiya, na ji shi sakayau. Na buɗe, wayam.

Sunana Winarsih, amma kowa Win yake ce mini. Ni ke kula da littattafan harshen Koriya a wani babban laburare a nan Jakarta, can a hawan ƙasa inda ambaliyar watan Janairu ke fara gaishe mu kafin kowa. Ƙamusoshi ne, da tsofaffin jaridu, da kaset-kaset na hira, da littattafan da aka ɗinke da jan zare. Masu bincike na zuwa mana daga Bandung da Surabaya, wani lokaci har daga Seoul. Amma duk ɗakin babu abin da ya kai na cikin akwatin nan daraja. Doguwar takarda ce da ake naɗewa kamar tabarma, wata mata ta rubuta wa 'yarta waƙar nasiha a kanta da hannunta, cikin karin harshen arewacin Koriya irin wanda yanzu da wuya ka ji shi a bakin mai rai.

Wani ɗan Koriya mai masana'antar takalma, Pak Byon ƙarami (Pak a nan kamar a ce Malam ne), shi ya ba mu naɗin tare da sauran littattafan gidansu, aka yi biki, aka buga hotonsa a jarida. Mahaifinsa kuwa, Malam Byon, tsoho ne da ya haura tamanin. Duk Talata yake dogaro sandarsa ya zo ya taya ni karanta tsohon rubutu, ba a biyan shi ko sisi. Shi ya mayar da ni mutum a wannan aiki. Naɗin nan kaɗai ne ba ya karanta mini. Da na ɗauko sai ya ce idonsa ya gaji.

Kafin a jima ma'aikata sun cika bakin ƙofa. A gaban kantar, inda sawun ya tsaya, akwai shatin gwiwoyi a cikin garin, da wani ɗan wuri a gabansu da ya danne. Yanti ta sashen jera littattafai, wadda bakinta ba ya hutu ko ranar Lahadi, ta miƙa wuya ta duba, ta ce ai wannan sujada ce, kuma ga shi alƙibla ta kalla, don mu a Jakarta yamma muke fuskanta. Ba ta ambaci suna ba, kuma ba sai ta ambata ba. Kowa ya san tun da ambaliya ta kashe mana lifta na daina hawa masallacin sama, a ɗakin nan nake sallata. Kowa ya san ina cire takalmi a bakin ƙofa, kuma ƙafata ƙarama ce.

Kafin azahar labari ya yi rassa. Wai na roƙi gafara ne tukuna sannan na ɗauka. Wai wata baƙuwar malama daga Seoul, Dakta Yom, ta yi mini alkawarin gurbin karatu a can idan na ba ta naɗin. Na tare Yanti a wajen shan shayi na ce mata da a ce harshenta na jera littattafai da sauri irin yadda yake jera ƙarya, da tuni ta zama shugabar laburare. Na ji sanyi a raina na ɗan lokaci, amma bai wanke ni ba.

Shugabarmu, Bu Kusuma, wato Malama Kusuma, ta kira ni ofis. Mace ce mai adalci, sai dai tana tsoron abin kunya fiye da yadda take tsoron ambaliya. Ta ce ranar Juma'a Pak Byon ƙarami zai kawo baƙi daga Koriya su ga naɗin. Idan ranar ta zo babu shi, dole ta kira 'yan sanda, kuma dole ta dakatar da ni. Ta hana kowa ya bari maganar ta kai kunnen gidan Byon. Sannan ta miƙo hannu ta ce in ba ta makullaina. Shekaru goma sha suna rataye a wuyana, na ciro na ba ta, na fita ban yi kuka a gabanta ba.

*

Washegari ta kawo Pak Syafril, ƙanin marigayi mijinta. Ba ɗan sanda ba ne. Ma'aikacin gandun daji ne da ya yi ritaya, ya ƙare ƙuruciyarsa a dazukan Sumatra yana bin sawun damisa da na masu ɗana mata tarko, har ya koyar da abin a makarantar horar da ma'aikata. Gajere ne mai tumbi, ga ciwon suga, ga son shayi mai zaƙi. Abu na farko da ya tambaya shi ne ko a cikinmu akwai wanda ya san matarsa. Da aka ce babu, sai ya ce to a ƙara masa sukari.

Na raina shi, gaskiya. Na ce a raina, aikina da sunana suna lilo, an kawo mini mai bin kashin damisa.

Ya sa aka kashe fitilu. Ya kwanta ruf da ciki a bakin ƙofa, ya ajiye tocila a ƙasa ta yadda haskenta ke shafar garin a kaikaice, sai ga kowane ɗan gurbi ya fito da inuwarsa. Ya daɗe a haka har na zaci barci ya ɗauke shi. Daga baya ya bi ta gefen bango kamar yadda na bi, ya tsuguna kusa da shatin gwiwoyin, ya duba bakin kantar, ya yi ta gyaɗa kai shi kaɗai. Ya tambaye ni ko ina shimfiɗa sallaya idan zan yi salla. Na ce wane mai hankali ne zai ɗora goshinsa a kan maganin kyankyaso? Ya ce shi ma abin da ya gani ke nan, amma Bu Kusuma za ta ce mai gaggawa ba ya neman sallaya, saboda haka in bar wannan hujjar a aljihu.

*

Ya fara da Gatot, mai feshin magani. Gatot ya zo, ya rantse tun kafin a tambaye shi. Ya amsa cewa shi ya bar kabad-kabad a buɗe don magani ya shiga, haka aikin yake. Ya amsa cewa ranar Asabar da rana ya buɗe ƙofar ɗakin don wari ya fita, ya ɗaura igiya a bakinta, ya tafi cin shinkafar kwakwa a tsallaken titi, kuma ya ɗan zauna kallon masu dara. Na'urar ɗaukar hoton da ke wajen kuwa ruwa ya riga ya cinye ta.

Sai mai gadi ya ce shi dai ya ga Gatot ya fita ran nan da naɗaɗɗiyar takarda a hamata. Allah ya yafe mini, har na fara murna. Gatot ya fashe da kuka ya kai mu rumfar matarsa a bayan laburare. Ga takardar can, tsohuwar kalandar ofishinmu ce, an yayyanka ana ƙunsa soyayyar ayaba a ciki. Pak Syafril ya sayi ƙunshi biyu. A hanya ya ce mini tun kafin mu je ya san ba shi ba ne, ƙafar Gatot ta yi biyun wadda ta taka garin, ayabar ya je ci.

Dakta Yom ta fi wuya. Doguwa ce, mai saurin magana, kuma mun taɓa yin cacar baki da ita saboda na hana ta haska naɗin da fitilar kyamara. Ta ce e, ta sauko ranar Asabar, ta ga igiya ta koma. Ta ce wanda ya raba takardar nan da akwatinta a wannan laimar ta Jakarta ko dai jahili ne ko kuwa ba sata ce a ransa ba, domin mai sayarwa da akwatin zai haɗa. Game da gurbin karatun da aka ce ta yi mini alkawari, ta dube ni sama da ƙasa ta ce ko gaisuwar kirki ba ma yi. Ban taɓa jin daɗin rashin kunyar mutum irin na ranar ba.

Pak Syafril ya roƙe ta ta taka daga nan zuwa matakala ta dawo. Ta taka tana harararsa. Bayan ta tafi ya ce ita da dunduniya take fara sauka, takunta mai faɗi. Mai sawun cikin ɗaki kuwa da tafin ƙafa gaba ɗaya yake sauka, yana ɗan ja, taku gajere, irin na mai tsoron faɗuwa. Na ce to ai ni ba haka nake tafiya ba. Ya ce mai tsoron kamu ma haka yake tafiya, kuma Yanti za ta riga ni faɗa.

Ranar na koma gida a cikin jirgin ƙasa ina shafa wuyana, inda igiyar makullai ta saba zama. Mahaifiyata ta tambayi lafiya, na ce mura ce.

*

Ranar Laraba ya ja ni rumfar mai miya a bakin titi, ya ce ba ya iya tunani da yunwa. Bayan ya share kwanonsa tas, ya ture shi gefe ya ce in saurara.

Ya ce mai sujada gaɓoɓi bakwai yake kai wa ƙasa, kuma kowacce tana barin shaida: goshi, tafuka biyu a rabe, gwiwoyi, da yatsun ƙafa a kafe. A cikin garin nan babu goshi. Babu yatsu a kafe, bayan ƙafafun ne suka kwanta, ɗaya a kan ɗaya. Tafi kuma ɗaya ne tak a ƙasa, amma ya nutse fiye da ƙima, kamar an ɗora masa nauyi. Sannan mai sujada ba ya miƙewa tsaye tsakanin ta farko da ta biyu. Wannan ya durƙusa, ya miƙe tsaye, ya sake durƙusawa, gwiwoyin na biyu suka ɗan kauce wa na farko. Da zai tashi na ƙarshe sai da ya dafa bakin kanta, ya bar farin shatin yatsu a can.

Ya ce shi dai bai san mene ne wannan ba, amma jikin mutumin ga yadda ya yi. Sai ya ɗora tafin damansa a kan tebur, ya ɗora na hagu a kansa, ya sunkuya ya kwantar da goshinsa a bayan hannayen.

"Wa ke yin haka, 'yata?"

Cokali ya suɓuce daga hannuna. Duk wanda ya zauna da mutanen Koriya ya san wannan. Babbar gaisuwarsu ce, wadda 'ya'ya ke yi wa iyaye ranar sabuwar shekara. Sau ɗaya ake yi wa mai rai. Sau biyu kuwa sai wanda ya rasu. Namiji ne ke ɗora hagu a kan dama. Namiji ɗan Koriya, mai ƙaramar ƙafa, mai tsoron faɗuwa, wanda sai ya dafa kanta yake iya tashi, wanda masu gadi suka saba da shi har sun daina ganin shigarsa. Mutum ɗaya na sani a duk Jakarta.

Na ce masa ban sani ba.

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya ce ya karanta sawu a kan dutse, fuskata kuwa ta fi laka sauƙi. Sai na yi masa tas. Na ce in ma na sani ba zan faɗa ba. Mutumin da ya zauna da ni shekara da shekaru yana nuna mini harafi da ɗan yatsansa mai rawa, wanda ya zo jana'izar mahaifina ya tsaya a rana daga nesa har aka gama, shi zan miƙa wa 'yan sanda? Mutanen Koriya na garin nan ba su da yawa, coci ɗaya, kantin cefane ɗaya, kafin yamma kowa ya ji cewa uban mai kyauta ya sace kyautar ɗansa. Wannan kashe shi zai yi. Na ce gara a kore ni. Ina faɗa ina kuka, don ba na son a kore ni, aikin nan shi ne rayuwata.

Pak Syafril ya bar ni na gama. Sannan ya tambaya ko tsohon ya san halin da nake ciki. Na ce ina zai sani, an rufe ɗaki an ce masu taimako su huta, Bu Kusuma kuma ta toshe duk wata kafa.

"To kin yanke masa hukunci ke nan ba ki ji ta bakinsa ba," in ji shi. "Kin ɗauka in ya ji zai yi shiru. Mutumin da ya cire takalmi ya gaishe da abu kafin ya taɓa shi, ni ban ga alamar zai bari a kore ki ba."

Ya ce shi ba zai ambaci sunan kowa ba, aikinsa sawu ne. Abin da yake so kawai, a gayyato Malam Byon gobe a matsayin masani, kuma kada a kira ɗansa.

*

Ranar Alhamis bayan azahar muka taru a bakin ƙofar ɗakin: Bu Kusuma, Yanti, Gatot, Dakta Yom, da ni. Malam Byon ya sauko matakala a hankali, sanda a hannu ɗaya, ƙunshin shuɗin ƙyalle a ɗaya, irin wanda yake ɗauro littattafansa a ciki kullum. Ya yi mini murmushi, ya kira ni yadda ya saba, ya ce, "Win-a, kin rame." Na kasa haɗa ido da shi.

Pak Syafril ya ba shi kujera ya ja shi da hira. Da ya ji cewa aikin katako ne ya kawo tsohon ƙasar nan tun yana saurayi, sai ya ce ashe su ne suka sare wa damisarsa gida. Malam Byon ya ce su sun sare, amma mutanen Pak Syafril ne suka sa hannu a takarda. Suka yi dariya su biyu, mu kuwa ko motsi.

Sai Pak Syafril ya kunna tocilarsa ya fara. Ya wanke Gatot da girman ƙafa. Ya wanke Dakta Yom da faɗin taku. Ya haska layin sawun tun daga ƙofa, ya bi shi da baki taku bayan taku, har gaban kanta. Ya ce mai sawun nan bai waiwaya ko sau ɗaya ba, bai laɓe ba, bai taɓa komai ba sai abu ɗaya. Ya ce da zai fita, takunsa ya fi na shigowa natsuwa, irin na wanda ya rungumi jariri. Ya ce ya bi ɓarayi da yawa a daji, bai taɓa ganin wanda ya gaishe da abin da zai sata ba.

Na saci kallon Malam Byon. Murmushin ya tafi, amma ba tsoro na gani a fuskarsa ba, mamaki ne, kamar wanda ya ji ana hayaniya a kan ɗan ƙaramin abu.

Pak Syafril ya kashe tocila ya juya ga Bu Kusuma. Ya ce nan iyakar abin da ƙasa ta faɗa masa. Ya tambaye ta, da ƙarfi yadda mai nauyin kunne zai ji, ko har yanzu gobe za ta kira 'yan sanda ta kuma sallami wadda ake zargi. Bu Kusuma ta ce ba ta da wata hanya.

"Wa ake zargi?" in ji Malam Byon.

 Yanti ce ta kasa riƙe idonta, ya zame ya sauka a kaina. Tsohon ya bi idon nata. Ya dubi fuskata, ya dubi wuyana inda babu makullai. Na ga lokacin da abin ya shige shi.

Ya ɗora ƙunshin a cinyarsa ya kwance. Naɗin ne, an naɗe shi a cikin farar takarda mai laushi, ko ƙwarzane babu. Ya ce dama yau ya yi niyyar mayar da shi, ya zaci babu wanda zai shiga ɗakin kafin a share magani.

"Rubutun mahaifiyata ne," ya ce.

Sauran ya faɗe shi a hankali, rabi da harshenmu, rabi da nasu. Ta rubuta wa yayarsa ne don ta tafi da shi gidan miji, kamar yadda iyaye mata ke yi a garinsu. Sai yaƙin Koriya ya zo. A cikin sanyin watan Janairu ta ɗaura wa yayar naɗin a ƙugu, ta haɗa hannunsa da na yayar, ta ce su yi kudu za ta biyo su. Ba ta biyo ba. Yayar ta rasu ba ta yi aure ba, naɗin ya dawo hannunsa. Bai san ranar da mahaifiyarsa ta mutu ba, bai san kabarinta ba, kuma ƙasar da take ciki ba ta shiguwa. Saboda haka ranar da suka rabu ita ya mayar ranar tunawa da ita, rubutun nan kuma shi yake ajiyewa a gabansa ya gaishe ta.

Bayan shekaru masu yawa, yana kwance a asibiti ɗansa ya kwashe littattafan gida ya kawo mana, da kyakkyawar niyya, bai san mene ne a cikin akwatin ba, domin uban bai taɓa iya buɗe baki ya ba shi labarin ba. Da ya warke ya tarar an yi biki, an buga a jarida. Ya ce ta yaya uba zai je ya ce a dawo da abin da ɗansa ya bayar a gaban jama'a? Sai ya zo ya ce yana son ya riƙa taimaka mini. Duk shekara idan ranar ta zagayo, yakan jira in fita cin abinci ya yi gaisuwarsa a gaban kanta. Bana ranar ta faɗo ɗaki yana rufe, ga ruwa, ga magani. Ya kasa barinta ita kaɗai a ciki.

Dakta Yom, mai bakin nan, ta juya ta fuskanci bango tana share ido. Gatot kuwa dama kukansa a kusa yake.

Malam Byon ya miƙa wa Bu Kusuma naɗin da hannu biyu, ya ce ta kira 'yan sandan, ga ɓarawon. Ta karɓa da hannu biyu ita ma. Sannan ta ce ita a iya saninta da aikin laburare, wanda ya ɗauki littafi ya karanta ya dawo da shi lafiya aro ya yi, kuma ba a kiran 'yan sanda a kan aro. Ta dubi kowa ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a kan Yanti, ta ce maganar ta mutu a nan.

Na zaci an gama. Sai tsohon ya jingine sandarsa, ya zare takalmansa, ya taka cikin garin ya juyo ya fuskance ni. Ya ɗaga hannayensa, hagu a kan dama. Na gane abin da zai yi, na yi tsalle na riƙe shi, na ce Malam don Allah kada ka yi, ni 'yarka ce, kuma mu a wurinmu ba a yi wa mutum haka. Ya ce ya sani, in yi haƙuri in kau da kai, shi ba shi da wata hanyar da ya iya. Ya sauka a hankali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, ya kwantar da goshinsa a bayan hannunsa. Da zai tashi ni ce kantar da ya dafa.

"Sau ɗaya na yi, Win-a," ya ce, yana haki. "Ke kina da rai, kuma ina so ki daɗe a ɗakin nan. Ke kike goge mata ƙura, ke kike hana a haska mata fitila a ido. Ban taɓa gode miki ba, sai ma na jawo miki sunan ɓarauniya."

A nan ne kukan da na hana Bu Kusuma gani ya ƙwace mini, a gaban kowa. Ita da kanta ta rataya mini makullaina a wuya.

*

Ranar Juma'a baƙi suka zo suka ga naɗin, Pak Byon ƙarami ya yi jawabi, uban yana zaune a gaba yana tafi. Yanti ta yi mako tana ajiye mini soyayyar ayaba a tebur ba ta cewa komai. Na ci, don ayaba ba ta yi mini laifi ba, daga baya kuma muka shirya.

Pak Syafril kuwa, na bi shi har bakin titi ranar da abin ya ƙare don in gode masa. Mutumin nan ya san mai sawun tun a rumfar mai miya. Da ya so, da jimla ɗaya ya wanke ni ya karɓi yabo ya tafi. Ya tsaya ya fitar da ni ba tare da ya tura wani cikin ramin ba, kuma har ya bar ginin nan sunan Malam Byon bai fito daga bakinsa ba. Na ce masa ban san da me zan saka masa ba. Ya ce in dai na haɗu da matarsa, shayi ba sukari na ga yana sha. Har gobe ina sa shi a addu'a, shi da sugansa.

Talatar da ta biyo baya Malam Byon ya zo kamar kullum. Na share tebur, na ɗauko akwatin na ajiye a tsakaninmu, na ce idan idonsa ya gaji sai mu bari. Ya ce a'a, bai gaji ba. Ya warware farkon naɗin, ya ɗora ɗan yatsansa a kan layin farko, ya ce in karanta da ƙarfi shi zai gyara mini, domin an rubuta shi ne don 'ya mace ta karanta, kuma tun da aka rubuta babu wadda ta karanta wa mahaifiyarsa shi.

Na gyara zama na fara.